Bakin tekun Abhur da ke bayan katanga: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san cewa idan aka wuce filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz aka nufi arewa, sai teku ya ɓuya a bayan katangu da manyan ƙofofi. 'Yan'uwa da ke zuwa daga Makka domin shan iska sukan yi tambayoyi a kan wannan, ga kuma amsoshin wasu daga cikinsu.

Me ya sa wurare masu kyau na Abhur suke a killace?

Abhur wani lungu ne da Bahar Maliya ya kutsa cikin ƙasa, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar Jidda, kuma saboda ruwansa a kwance yake, ga duwatsun murjani kusa da gaɓa, masu hali da kamfanoni suka mallaki filayen bakinsa, musamman a Abhur ta Arewa, suka gina gidajen hutun da ake kira shale da muntaja'.

Ashe ba an ce ruwa na kowa ba ne?

Haka ne, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna cewa Musulmi abokan tarayya ne a cikin ruwa da ciyawa da wuta, kuma babu mai cewa teku nasa ne. Sai dai ƙasar da mutum zai taka kafin ya isa ruwan tana da mai ita, wanda ya kashe kuɗi ya kewaye ta, ya zuba yashi, ya ɗauki ma'aikata. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da neman izini da sallama ba, kuma a ganina wanda ya bi ta ɓarakar katanga da hujjar cewa teku na Allah ne ya riƙe rabin magana ne ya saki rabi.

To, ta yaya ake shiga?

Wasu wuraren suna karɓar kuɗin shiga a ƙofa, wasu sai an kama wuri tun kafin ranar, wasu kuma sai mai rajista da baƙinsa. Akwai waɗanda iyalai kawai suke karɓa, su mayar da samari, akwai kuma masu hana shigo da abinci daga waje, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga uwargidan da ta wuni tana haɗa kabsa. Saboda haka a buga waya a tambaya kafin a ɗauko yara daga Makka, a kuma riƙe iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya. Tun shekarar 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, don haka cunkoso yakan fara ne daga daren Alhamis.

Idan aka tarar mai gadin ƙofa ɗan'uwa ne Bahaushe, a gaishe shi da mutunci, amma kada a ce, "Haba Baba, ai mu naka ne, buɗe mana." Amana aka ba shi, kuma abincinsa ne zai salwanta idan mai wurin ya gani.

Ana iya ɗaukar hoto?

Hoton teku da faɗuwar rana babu laifi. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba kuwa yana cikin laifukan da dokar ladabin zaman jama'a ta 2019 ta sanya wa tara, balle a inda matan mutane suke hutawa. Haka nan kada a ɓanɓari murjani a tafi da shi gida, domin halitta ce mai rai wadda take ɗaukar shekaru kafin ta girma.

Biyan kuɗi yana nufin ruwan ba shi da haɗari?

A'a. A gaɓar Bahar Maliya mutum yakan yi ta tafiya ruwa iya gwiwa a kan tudun murjani, kwatsam sai ƙasa ta yanke a ƙarƙashinsa, kuma yawancinmu ba mu tashi da iya iyo ba. A sa takalmin roba saboda ƙayoyin halittun ruwa, a tambaya ko akwai mai ceto a wurin, kada kuma a kawar da ido daga yara. Masu tsaron iyaka ne suke kula da ceto a teku, kuma a Jidda lambar kiran gaggawa ita ce 911.

Wanda ba ya son biyan kuɗi fa?

Kornish ɗin Jidda, wato wurin shan iska da ke bin bakin teku, a buɗe yake ga kowa, kuma daga can ake kallon ruwan Sarki Fahad da aka ƙaddamar a 1985, mai tashi sama da mita 250. A Abhur ta Kudu ma akwai gaɓar jama'a inda ake shimfiɗa tabarma a sha shayi har dare, sai dai iyo a yi shi a inda aka sa alamar an yarda kawai.