Me Ake Nufi da Rikaf a Harkar Kwari da Baka?

Tun gasar Olamfik ta Paris a 2024, da Israel Madaye na ƙasar Cadi ya kara da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu a filin harbin kibiya, kalmar rikaf ta shiga bakin masu sharhin wasanni. Ta ƙara yawo a 2025, da aka sanar cewa a gasar Los Angeles ta 2028 za a shigo da wani nau'in baka da ake kira kwamfawun. Daga nan fa aka fara cakuɗa zance. Wani ya ce rikaf shi ne bakan Olamfik. Wani ya ce bakan zamani ne mai abin saiti da dogayen sanduna a gaba. Wani kuma da ya ga baka na katako sai ya ce ai wannan na gargajiya ne, rikaf kuwa na 'yan gasa ne. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ɓata mini rai, domin ta ƙwace suna daga hannun masu shi ta ba baƙi.

Kalmar ta Turanci ce, ma'anarta lanƙwasa da ta sake juyawa. Baka yakan ranƙwafo wajen mai harbi, amma shi rikaf idan ya zo kusa da kawunansa biyu sai ya juya ya fuskanci gaba, wajen abin harbi. Hanyar gane shi ba ta da wuya: a ɗaura masa tsirkiya a duba. Idan tsirkiyar ta taɓa baka a wurin ɗauri kawai, miƙaƙƙen baka ne. Idan kuwa ta kwanta a jikin reshen, wato sashen bakan da yake lanƙwasawa, na ɗan taƙi kafin ta rabu da shi, rikaf ne, ko da ƙaho aka yi shi, ko da katako, ko da ƙarfe. Abin saiti da sandunan da ake gani a talabijin ƙari ne na gasa, inda ake harbi daga mita 70. Kwamfawun kuwa wani abu ne dabam, mai 'yan tayoyi a kawunansa, wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro a shekarun 1960.

Juyawar nan tana da aiki. Idan aka fara ja, kawunan sukan riƙa warwarewa a hankali, sai bakan ya tara ƙarfi tun daga farkon ja, kuma bai yin taurin kai a ƙarshe yadda gajeren miƙaƙƙen baka yake yi. Da haka gajere yake yin aikin dogo. Shi ya sa mahaya dawaki suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, Mongolawa da Turkawan Santambul, waɗanda suke haɗa nasu da ƙaho da itace da jijiya da danƙo. Mai sukuwa ba shi da wurin juya baka mai tsawon mutum, haka ma mafaraucin da ya laɓe cikin sarƙaƙiya. Sai dai kowane alheri da kuɗinsa: reshen rikaf falle ne mai faɗi, yana saurin murɗewa, kuma duk wahalar harbi a kan kawunan nan take taruwa.

Inda rashin sanin ma'anar yake yin ɓarna sosai shi ne wajen gyaran tsofaffin bakunkunan farauta, abin da ya zama sana'a da sha'awa a Amurka. A can, daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970, rikaf shi ne makamin mai farautar barewa da kibiya, kafin kwamfawun ya mamaye kasuwa. Sunan da ya fi fita shi ne na Fred Bear, wanda masana'antarsa take garin Grayling a jihar Mishigan kafin a mayar da ita Fulorida a 1978. Bakunkunansa irin su Kodiak da Grizzly an yi su da siraran fallayen katako da aka manne tsakanin fallayen faiba, wato roba mai zaren gilashi a ciki, kuma har yau ana tsintar su a rataye a gareji, magada ba su san darajarsu ba. Kodiak na 1959 ma masu tarawa rububinsa suke yi. Wani abin da ke ruɗa masu saye shi ne shekarar 1953 da aka buga a jikin da yawa daga cikinsu. Wannan shekarar rajistar fasahar ce, an ci gaba da buga ta har kusan shekara ashirin bayan nan, ba ta nuna shekarar da aka ƙera bakan.

To, mutum ya samu irin wannan baka, me yakan fara yi? Sai ya rungumi mariƙi, ya goge shi da samfefa, ya shafa masa mai har yana ɗaukar ido, ya sake masa fata, ya ɗauki hoto. Kawunan kuwa, waɗanda saboda su aka raɗa wa bakan suna, ko kallon kirki bai yi musu ba. Kamar mai sayen doki ne da ya tsaya yabon sirdi bai ɗaga kofato ya duba ba.

Mai hankali daga kai yake farawa. Ya bi gefen reshe da farce, ya ji ko fallayen sun fara rabuwa, domin mannin da ya shekara sittin, musamman idan ya sha zafin rufin ɗaki ko na cikin mota, yakan saki. Ya duba faibar a hasken rana. Siraran layukan da suka bi tsawon reshe galibi tsufa ne kawai, akan ɗura musu sufa gulu mai ruwa-ruwa a wuce wurin. Tsagin da ya gitta reshe kuwa ya kashe bakan, wurinsa bango. Ba na ganin hikimar mai cewa zai manne shi ya shiga daji, domin reshen da ya fashe ana tsakiyar ja fuskar mai shi yake nema.

Sai murɗewa. Idan aka ɗaura tsirkiya aka hango bakan daga kai zuwa kai, ya kamata ta kwanta daidai a tsakiyar kwarmin da aka yi mata. Idan ta zame gefe, reshen ya murɗe, kuma sau da yawa laifin masu ɗaure baka da ƙafa ne, waɗanda suke saƙala shi a cinya su danna. Rikaf da igiyar ɗauri ake ɗaure shi, wadda ake takawa a ɗaga mariƙi, reshen biyu su lanƙwasa tare. Ƙaramar murɗewa tana gyaruwa: a ɗumama wurin da ruwan ɗumi, a murɗa da hannu zuwa ɗaya gefen, a riƙe har ya huce, a maimaita cikin haƙuri.

Babbar masifa ita ce tsirkiya, kuma a nan ne wanda ya ɗauka rikaf duk ɗaya ne da na Olamfik yake kashe baka da hannunsa. Ya shiga kanti ya ce a ba shi tsirkiyar rikaf, a miƙo masa ta zamani irin Fast Flight, wadda kusan ba ta miƙewa ko kaɗan. Bakan gasa na yau an ƙarfafa kawunansa don ita. Tsohon baka kuwa an yi shi ne don zaren Dacron, wanda yake ɗan miƙewa ya shanye girgizar harbi. Idan aka sa masa marar miƙewa, duk bugun yana sauka a kan sirarin kai, ta riƙa cin sa har ta tsaga shi. Haka ma kibiya marar nauyi, balle a ja tsirkiya a saki babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar a jikin bakan yake komawa.

Idan duk wannan ya yi daidai, ba a fara ja har kunne a rana ɗaya. A ɗaure shi a bar shi ya huta, a ja kaɗan a saurara ko za a ji ƙara, gobe a ƙara. Lambar da aka rubuta kusa da mariƙi, a ce laba 45, wajen kilo 20 ke nan, ƙarfinsa ne idan aka ja shi inci 28, kuma mai dogon hannu zai ɗora masa fiye da haka. Gara a auna shi da sikeli tun a gida, domin jihohin Amurka da dama sun ƙayyade mafi ƙarancin ƙarfin bakan da za a harbi barewa da shi, saboda kada a raunata dabba ta tsere ta je ta mutu a banza.