Tuƙi a Lokacin Hunturu: Tambayoyin da Direbobin Kano ke Yi

Me ya sa tuƙi ke ƙara haɗari idan hunturu ya shigo?

Saboda hazo. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar arewa maso gabas na kwaso ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana. Duk wanda ya yi sammako a titin Zariya ko na Katsina ya san ranar da tirela ke gabanka amma ba ka ganinta sai ka kusa shan hayaƙinta. Ga kuma hayaƙin ƙona daji a bakin hanya da zarar ka bar gari.

To, wane gudu ya kamata in yi?

Gudun da za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonka ke gani. Nan ne zancen yake, kuma nan muke yawan yin sakaci. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ka hango abu, ka ɗaga ƙafa, ka taka birki, ta riga ta ci mita masu yawa, balle a zo ga tsayawarta. Dokar hanya ta ce 50 a cikin gari, amma an sa wannan ne don ranar da gari ya washe. Ranar da hazo ya sauko, ka rage, ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba, musamman ɗan adaidaita sahu da ke iya tsayawa ɗaukar fasinja ba sigina. Ka tuna da yara 'yan makaranta masu tsallaka titi da sanyin safiya, kunnuwa a rufe da hular sanyi, ba sa jin hon. Wallahi su na fi ji wa tsoro.

Doguwar fitila ba za ta fi nuna mini hanya ba?

A'a. Haskenta yana dukan ƙurar ya dawo idonka, ya kuma makantar da mai zuwa. Kunna gajeriya, ko da rana ce, domin a gan ka.

Motar fa, me zan duba?

Ruwan wanke gilashi da robar wayifa, don goge busasshiyar ƙura yana karce gilashi. Sai iskar taya, wadda sanyi ke ragewa, da batir. Ka sa bakanike ya buɗe matatar iskar inji, ƙura na toshe ta da wuri.

Idan mota ta mutu a hanya cikin hazo?

Ture ta ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka kunna sigina biyu, ka ajiye alwatikar gargaɗi can nesa a bayanta. Ganyen da muke zubawa ba ya ƙyalli, mai zuwa ba zai gan shi ba. Fasinjoji su fito su matsa gefe. In haɗari ne, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.