Jigilar kayan ƙetare a Nijar da rabon lodi tsakanin direbobi

Jigilar kayan ƙetare a Nijar ita ce safarar hajar da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Kotonu, Lome, Tema da Abijan zuwa Yamai da sauran biranen ƙasar a cikin manyan motoci. Da yake Nijar ba ta da bakin teku, shinkafa da magani da kayan gini da ta sayo daga nesa sai sun ratsa ƙasar wani kafin su iso. Tushen takaddamar rabon lodi ke nan: kayan na ɗan kasuwar Nijar ne, tashar kuwa ta maƙwabta ce, to motar wa za ta ɗauka?

Tarihi

Tsohuwar hanya ita ce ta Kotonu, mai tsawon kilomita 1,000 da ɗoriya. A 1959, tun kafin samun 'yancin kai, Nijar da Dahome suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, wadda aka fi sani da OCBN bayan Dahome ta koma Benin. Jirgin ƙasa ke ɗauko kaya daga Kotonu zuwa Paraku, tafiyar kilomita 438, inda dogo ya ƙare. Daga nan motoci su karɓa, su bi ta Malanbil, su ƙetare gadar kogin Kwara da ke kan iyaka zuwa Gaya ta Nijar, sannan Doso da Yamai. Shekara da shekaru hukumar ce ke raba lodi a Paraku, kuma ɗan kasuwa ba ya kauce wa jirgin sai da izini. Da jirgin ya raunana, wajen shekarun 2000, sai lodi ya koma bakin tashar Kotonu, direban Nijar ya zama baƙo a wurin da ake rabon.

A watan Mayun 1982 ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Yamma, suka sa hannu a Kotonu kan yarjejeniyoyi biyu na sufurin mota da ratsewar kaya tsakanin ƙasashe. Yarjejeniyoyin da Nijar ta ƙulla da maƙwabtanta masu teku sun tsaya kan ƙa'ida ɗaya: kashi biyu cikin uku na kayan ga motocin Nijar, kashi ɗaya ga motocin ƙasar da tashar take. Dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai kai ga ɗaukar kaya ba.

Yadda ake rabo

Hukumar CNUT, mai kula da masu aika kaya na Nijar, tana da wakilai a tashoshin, sandikan masu motoci kuma ke riƙe da layi. Mota ta iso, a rubuta lambarta, ta jira. Jiran kan ɗauki makonni. Direba da yaronsa su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela, su hura gawayi su ɗora shayi, kuɗin guzuri na ƙarewa, mai mota kuma na bugo waya daga Yamai.

Kason nan na biyu cikin uku ya fi ƙarfi a takarda. Akasarin motocin Nijar tsofaffi ne da aka sayo na hannu daga Turai, masu su kuma mota ɗaya ko biyu gare su. In kaya suka yi yawa ba sa iya kwashe rabonsu, sai motocin ƙasashen bakin teku su cike gurbin. Direban bakin teku yana gida, ya san 'yan kamasho, ba ya biyan kuɗin zaman jira. Na Nijar kuwa sau da yawa fayau yake gangarowa, domin abin da ƙasar ke shigowa da shi ya fi wanda take fitarwa nauyi. Tafiya ɗaya ce za ta biya man zuwa da dawowa, shi ya sa ake labta wa mota fiye da kima. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005, ta ƙayyade nauyin lodi don kare kwalta, amma aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa, kuma ƙananan masu motoci ne ta fi matsa wa.

Jihar Tawa

A nan akwai lodin gangara. Albasar Galmi tana tafiya Gana da Kodibuwa, kuma a lokacin kaka motocin gida da na baƙi suna jeruwa a bakin titi ana ɗora buhuna. Ƙarfen yuraniyom na Arlit ma ta hanyar Tawa yake bi zuwa Kotonu kafin 2023. A Birnin Ƙwanni, daura da Illela ta Najeriya, motocin Najeriya ne abokan gogayya.

Bayan 2023

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin CEDEAO, aka rufe gadar Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Kaya suka karkata Lome, motoci na tahowa ayari-ayari ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, an kuma rasa rayukan direbobi a kanta. A Mayun 2024 hukumomin Nijar suka keɓe ɗaukar kayan ƙasar daga Lome ga motoci masu lambar Nijar da Togo, abin da ya fitar da motocin Benin daga rabon.

Saɓani

Masana na Bankin Duniya sun soki tsarin kaso da layi, suna cewa yana tsawwala kuɗin jigila kuma yana raya tsofaffin motoci. Sandikan masu motoci na ganin in aka soke shi manyan kamfanonin bakin teku za su kwashe kayan duka.