Mamatsin Katako Haɗin Gida: Sukuru, Noti da Mariƙi

Mamatsin katako shi ne abin da ake ɗaurawa a jikin teburin kafinta domin ya danne katako ya hana shi motsi yayin yanka da zarto, fiƙewa ko huda rami. Kafintoci da dama sukan haɗa nasu da kansu, domin allunan da ke matsewa katako ne kawai, kuma katako ba ya yi wa kafinta wuya. Inda aikin yake shi ne samo sukuru da notinsa, da mariƙin juyawa, da 'yan ƙarafan da ke hana allon gaba karkacewa. Saboda haka ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a fara samo sukurun kafin a taɓa katako, tunda kaurinsa da tsawonsa ne ke nuna girman ramin da za a huda da kaurin allon da zai ɗauke shi.

Sukuru

Abin da ake dubawa a sukurun mamatsi shi ne tiredinsa, wato haƙoran da suka nannaɗe jikinsa waɗanda noti ke hawa. Ƙarfe mai tiredi irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini yana da haƙora masu tsini, kusurwarsu digiri 60, kuma an yi su ne don a ɗaure abu a bar shi. Tiredin da aka yi don turawa da ja kullum shi ne mai faffaɗan haƙori: samfurin Acme na Amurka, wanda ya fito a shekarun 1890, mai kusurwa digiri 29, da takwaransa na ma'aunin milimita mai digiri 30, wanda ake rubuta lambarsa da Tr, misali Tr 28x5, wato kaurin milimita 28 da tafiyar milimita 5 a kowane juyi. Haƙoransa sun fi kauri a gindi, ba sa saurin cinyewa, kuma garin katako bai cika toshe su ba.

Bambancin ya fi fitowa wajen sauri. Ƙarfen M24 na gama-gari, wato mai kaurin milimita 24, yana tafiyar milimita 3 a kowane juyi, don haka buɗe mamatsi santimita 15 zai ci juyi 50. Mai tafiyar milimita 5 zai buɗe shi da juyi 30. Sukurun katako kuwa, wanda kaurinsa kan kai inci biyu zuwa biyu da rabi da haƙori biyu a kowane inci, juyi 12 sun ishe shi. Wanda ya wuni yana sa katako yana cirewa ya san abin da wannan tazara take nufi ga wuyan hannu. Shi ya sa sukurun katako bai ɓace ba har yau, duk da cewa yana kumbura da damina ya riƙa cijewa idan aka yi notinsa matse. Da kakin zuma ake shafa shi. Giris kuwa, ko a na ƙarfe, yana kwasar garin katako ya dunƙule, sannan ya ɓata kayan da ake aiki a kai.

Inda ake samowa

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Benchcrafted da ke jihar Iowa a Amurka yana ƙera ƙarafan mamatsi masu kambun juyawa na zubin ƙarfe, Lake Erie Toolworks yana yin sukurun katako, Veritas na Kanada kuma yana da mai sukuru biyu da sarƙa ta haɗa su, ta yadda juya ɗaya ke juya ɗayan. Kayan suna da kyau, sai dai tsada, ga kuɗin dako saboda nauyi.

Mafi yawan masu haɗin gida a tsofaffin ƙarafa suke nema. Mafi dacewa shi ne ƙafar ƙarfen da magina ke kafawa su hau bene, wadda ake juyawa a daidaita tsayi: kaurinta ya haura santimita uku, tiredinta manya ne, kuma tana zuwa da notinta mai kunnuwa biyu. Sukurun jak ɗin ƙaramar mota shi ma yana yi, amma siriri ne, ya fi dacewa da ƙaramin mamatsi. A wajen 'yan gwangwan, abin lura ɗaya ne: kada a sayi sukuru ba tare da notinsa ba. Samun notin da zai hau tsohon tiredi yakan fi samun sukurun kansa wuya. A mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri a ga ko ya lanƙwashe, sannan a bi da notin daga farko har ƙarshe.

Mariƙi

Mariƙin gargajiya sanda ce ta katako mai kaurin kusan inci ɗaya da tsawon kusan santimita 30, wadda ke zamewa cikin ramin da ke kan sukurun, da ɗan dunƙule a kowane ƙarshe don kada ta fita. Idan sukurun bai zo da wannan kai ba, mai walda zai iya liƙa masa mahaɗar fayif ɗin ruwa mai baki uku, sandar ta ratsa ta. Ana son itace mai tauri wanda jijiyarsa ta miƙe. A Turai da Amurka ana amfani da irin su mafil da bic, kirya ma da ake yin taɓarya da ita za ta yi. Wasu sukan sa zoben roba ko na fata kusa da dunƙulen, saboda sandar takan zame ta faɗo da ƙarfi ta matse fatar yatsa.

Doguwar sandar ƙarfe tana da jan hankali, amma kuskure ce. Ƙarfin da take bayarwa ya wuce abin da katako ke buƙata, sai a wayi gari noti ya tumɓuke daga mazauninsa ko allon gaba ya tsage. Gara mariƙin katako ya karye, a fiƙe wani. Idan katako na zamewa, maganin shi ne liƙa fata a fuskar allunan, ba ƙara matsi ba. Kambun juyawa irin na tsofaffin injuna ko manyan famfunan ruwa yana da daɗin aiki, domin nauyinsa kan sa ya ci gaba da juyawa da bugu ɗaya, amma sai an daidaita raminsa da kan sukurun an soke shi da fil.

Sauran ƙarafa gwargwadon samfuri

Mamatsin Moxon, wanda ya samo suna daga Joseph Moxon, Baturen Ingila da ya wallafa zanensa a ƙarshen ƙarni na 17, shi ne mafi sauƙin haɗawa: sukuru biyu, noti, wosha da mariƙi biyu. Sukurun suna nan a kafe, allon gaba ne ke tafiya a kansu, don haka akan ɗan faɗaɗa ramukansa ta gefe.

Mamatsin ƙafa, wanda ke tsaye a jikin ƙafar tebur, sukuru ɗaya gare shi, kuma yana buƙatar abin da zai tokare ƙasansa. Ana yin haka da katako mai jerin ramuka da ake soka wa fil daidai kaurin abin da za a matse, ko da ƙarafa biyu da aka gitta kamar almakashi, waɗanda ke daidaita kansu. Yana kuma buƙatar faranti mai rabi biyu da ke shiga wani tsagi a wuyan sukurun a ɗaure shi a allon gaba. In babu shi, sukurun zai fito ya bar allon a inda yake, sai an ja shi da hannu.