Sirrin sana'a da zumuncin kasuwa: ta ina sabuwar dabara ke shigowa Damagaram?

In aka ce "sabon abu" a harkar kasuwanci, me ake nufi? Ba zancen manyan kamfanoni ba ne?

A'a. Baduku da ya gano yadda zai jeme fata ta daina wari bayan damina ya kawo sabon abu. Haka mai alkaki da ta samo leda da kwali da za su kai kayanta Yamai ba su farfashe ba, haka mai walda da ya sauya yadda yake yanka ƙarfe har guntayen da yake zubarwa suka ragu. Duk abin da ya gyara kaya, ko ya rage asara, ko ya buɗe kasuwar da da babu ita, shi ake nufi. Kuma da wuya ka ga mutum ya ƙirƙiro irin wannan shi kaɗai a cikin ɗaki. Yawanci wani wuri ya gani, ko wani ya ba shi labari, ko mai saye ya dawo masa da kaya yana ƙorafi, sai ya zauna ya haɗa wannan da wancan.

To ina ruwan zumuncin 'yan kasuwa da wannan?

Ai shi ne hanyar da labarin ke bi. Garin nan tun asali a kan hanyar fatake ya girma. Ayari yana tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Agadas, ya sauka unguwar Zango a nan Damagaram, sannan ya wuce Kano. Baƙo ba ya sauka haka nan, yana da fatomansa: mai masauki da zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. A zauren fatoma ba farashi kaɗai ake ji ba. Nan ake ganin irin ɗinkin da ake yayi a wata ƙasa, da irin rinin da ba ya zuba, da kayan aikin da maƙeran gari ba su taɓa riƙewa ba. A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, an ƙera igwa a nan Damagaram. A ganina ba za a raba wannan da hanyar fatake ba, don maƙerin da bai taɓa ganin abu ba, bai ji yadda ake yin sa ba, ba zai wayi gari yana zuba shi ba.

Yau raƙuma sun koma manyan motoci, amma tsarin yana nan. Ɗan kasuwa a kasuwar Dole ta Damagaram yana da maigidansa a Kantin Kwari ta Kano, mai hatsi yana da nasa a Dawanau, mai dabbobi ya san wanda zai kira a Maigatari. An ga ƙarfin wannan igiya lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wanda ke da amintacce a can ya fi sanin abin da ke tafe da yadda zai lallaɓa.

Sai dai ga abin da ke damuna. Zumuncinmu ya ƙware wajen ɗaukar kaya da farashi da bashi, amma ya yi rauni wajen ɗaukar gwaninta. Za ka ga mutum ya shekara ashirin yana saro takalma daga Kano, bai taɓa shiga inda ake yin su ba, bai taɓa ɗaukar baduku ɗaya daga gida ya kai shi ya gani ba.

Akwai misalin da muka gani da idonmu?

Buhun ajiye wake. Duk wanda ya taɓa tara wake ya san ƙwaro na iya mai da shi gari cikin 'yan watanni, shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka lokacin da ya fi araha, ko ya zuba masa maganin da ke cutar da mai ci. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, suka yaɗa buhun PICS daga 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne da kyau. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba.

Abin lura shi ne yadda ya bazu. An riƙa ɗaure buhu a gaban jama'a a ƙauye, bayan watanni a dawo a kwance shi a gaban jama'a, gani ya kori ji. Amma ko da manomi ya yarda, in babu buhun a kasuwar da yake ci, zancen ya mutu. Sai da aka sami masana'antar da ke yin sa a Kano, da manyan 'yan kasuwa masu sarowa, da ƙananan masu shago da ke kai shi kasuwannin ƙauye, sannan dabarar ta zauna. Masu bincike sun kawo ilimin, amma igiyar 'yan kasuwa ce ta ɗauke shi.

Haka ma gawo da ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya. Barin tsiron itace a gona a riƙa yi masa sassabe ya bi ne daga manomi zuwa maƙwabcinsa, wannan ya ga hatsin wancan a ƙarƙashin gawo ya fi kyau, ya kwaikwaya.

In na faɗa wa maƙwabcina dabarata, ba abincina na miƙa masa ba?

Wannan ita ce tambayar gaske, kuma ba na ɗaukar mai yin ta a matsayin mai rowa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai kilishi da ya ɓoye haɗin yajinsa yana da gaskiya, shi ne abin da ya bambanta shi da na kusa da shi. Tela ba zai ba ka sunayen masu kawo masa ɗinkin sallah ba.

Amma ba kowane sani ne sirri ba, kuma kuskurenmu shi ne mun zuba su duka a tukunya ɗaya mun rufe. Inda ake samun zare mai kyau, yadda ake kare inji daga wutar da ke zuwa da ƙarfi, wace takarda ake bukata a ƙetare da kaya ta iyakar Ɗan Barto, wane direba ne ba ya riƙe amana: ɓoye waɗannan ba ya ƙara maka ko dala, kowa dai zai biya kuɗin kuskuren da wani ya riga ya biya. Kamfanin motoci na Toyota ya daɗe da gane wannan bambanci. Kamfanonin da ke kawo masa kayan haɗi suna da ƙungiya, suna zagaya masana'antun juna rukuni-rukuni suna gyara wa juna tsarin aiki. Yadda ake rage ɓarna da hanzarta aiki na kowa ne, amma zanen kayan da kowa ya ƙirƙira nasa ne.

An ma gwada abin a aikace. A birnin Nanchang na ƙasar Sin, masu bincike biyu, Jing Cai da Adam Szeidl, sun bi kamfanoni 2,820 ƙanana da matsakaita. Wasu aka raba su rukuni na mutum 10, masu su suna haɗuwa sau ɗaya a wata har shekara guda, yawanci a wurin aikin ɗaya daga cikinsu. Wasu kuma aka bar su yadda suke. Cinikin waɗanda suka riƙa haɗuwa ya ɗara na sauran da kusan kashi 8 cikin 100, sun sami sababbin masu saye da masu kawo musu kaya, kuma amfanin bai tsaya ba bayan an daina taron. Binciken bai ɓoye ɗaya gefen ba: da aka saki labarin wani tallafin kuɗi da ba kowa zai samu ba, labarin bai yawo sosai a rukunin da mambobinsa ke takara da juna. Wato tsoron mai tambayar nan gaskiya ne, a Sin ma haka mutane suke. Darasin da na ɗauka shi ne a haɗa waɗanda ke buƙatar juna ba tare da suna cin kasuwa ɗaya ba. Majemi da baduku da mai sayar da jaka a Yamai za su fi sakin baki da juna fiye da dukawa uku masu rumfa a jere.

Ai mu kullum muna tare, a fada, a masallaci, a wajen biki. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Mutanen da kake shan shayi da su kowane dare, abin da ka sani shi suka sani. Unguwarku ɗaya, maigidanku ɗaya, labarin da ka ji da safe shi za su ba ka da dare. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna tun 1973 cewa sabon labari mai amfani ya fi zuwa daga wanda ka sani sama-sama, don shi yana yawo a inda ba ka zuwa. Fada tana ba da amana, kuma amana ita ce ke sa a ba ka kaya bashi ba takarda. Amma sabuwar dabara ta fi zuwa daga direban da ya dawo daga Agadas, ko ɗalibin da ya zo hutu, ko matar da ta je baje koli a Yamai ta ga yadda wasu ke shirya garin kunu a leda.

Mata a nan sun riga maza wani abu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, an kafa su ne don asusu da rance, amma zaman mako-mako ya mai da su makaranta. A nan ake koyon wace sana'a ke tafiya, wa ke sayen mai da ƙuli-ƙuli da yawa, yaya ake lissafin riba daban da uwar kuɗi. Suna da ranar zama, suna da doka, suna da tarar wanda ya makara. Abin da fadar maza ta rasa ke nan.

Me ya sa wani lokaci maigida zai ji dabara mai kyau, ya kawo ta, amma ta ƙi kamawa a wurin aikinsa?

Saboda ba shi ke riƙe da almakashi ba. A Sialkot ta Pakistan, garin da ya yi suna wajen ɗinka ƙwallon ƙafa, masu bincike sun ƙera wani ƙarfen yanka da ke fitar da ƙarin gutsure daga kowane falle, suka raba shi kyauta ga kamfanoni 35 a 2012. Bayan fiye da shekara, waɗanda suka rungume shi ba su kai 10 ba. Dalili? Masu yankan ana biyan su ne gwargwadon abin da suka yanka. Sabon ƙarfen yana rage musu sauri da farko, ribar kuma ta maigida ce, sai suka riƙa ce masa abin ba ya aiki. Da aka ba wasu masu yankan ƙarin ladan wata guda in sun nuna sun iya, sai aka fara amfani da shi.

Duk mai gareji ko shagon ɗinki a garin nan ya kamata ya tsaya a kan wannan labari. Yaron shago da ake ba kuɗin abinci kawai, me zai ci in ya rage maka asarar yadi? Kuma shi ne ya fi kowa sanin inda yadin ke lalacewa. Ina ganin babban rumbun ilimin da muke zubarwa shi ne na yaran nan. Su ke yawo daga wannan gareji zuwa wancan, su ke kallon bidiyon gyaran inji a salula, amma in manya na magana ba su da baki.

Matatar mai da jami'a fa, suna da rawar takawa?

Suna da ita, babba. Matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Babban kamfani irin wannan yana koyar da ƙanana ne ta hanyar saye: in ya ce ga irin waldar da nake karɓa, ga ma'auni, ga lokaci, mai waldar da ya cika sharaɗin ya koyi abin da zai yi wa kowa aiki da shi har ƙarshen rayuwarsa. In kuwa komai daga waje ake kawowa, ilimin yana tsayawa a bayan katanga. Jami'ar André Salifou kuma, wadda aka kafa a 2010, tana da ɗalibai da ke neman abin da za su rubuta a kai kowace shekara, ga majema da masu sarrafa gero da gyaɗa cike da tambayoyin da ba su da mai auna musu. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kuɗin kabu-kabu ba.

WhatsApp bai maye gurbin duk wannan ba?

Ya taimaka ƙwarai, musamman saƙon murya ga wanda bai yi lakwal ba. Farashi, hoton kaya, hoton ganyen da ciwo ya kama, duk suna isa cikin minti ɗaya. Amma yadda ake jin fata a hannu a san ta jemu, ko yadda makanike ke gane ciwon inji daga ƙararsa, wannan sai an tsaya kusa da mai yi.

Wanda ya yarda da zancen nan, ta ina zai fara?

Kada ya jira wata ƙungiya daga waje ta zo da kuɗin zama, don irin wannan taro yana mutuwa ranar da kuɗin ya ƙare. Ya nemo mutum bakwai ko takwas da sana'arsu ke taɓa tasa: wanda yake saye a wurinsa, wanda yake sayar wa, mai gyara masa inji, mai ɗaukar masa kaya, da mutum ɗaya ko biyu daga wata unguwa da bai saba da su ba. Su sa rana ɗaya a wata, kowane zama a wurin aikin ɗayansu, ba a zaure ba. Mai masauki ya nuna abu ɗaya da ke ci masa tuwo a ƙwarya, sauran su duba su faɗi abin da suka gani. Tun ranar farko a yi magana a fili kan abin da ba za a tambaya ba, kamar haɗin yaji da sunayen masu saye, don kowa ya zauna da kwanciyar rai. Kowane maigida kuma ya zo da babban yaronsa, a bar shi ya yi magana.