Dokar haramta ƙungiyoyin ta'addanci a Najeriya

Dokar yaƙi da ta'addanci ta Najeriya ita ce dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon ayyana wata ƙungiya a matsayin ta 'yan ta'adda, ta haramta ta, sannan ta gurfanar da duk wanda ya shige ta ko ya tallafa mata da kuɗi, makami ko mafaka. An fara kafa ta a 2011 zamanin Goodluck Jonathan lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, aka yi mata gyara a 2013 inda aka ƙara tsananta hukunci har da na kisa, daga baya a watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan wata sabuwa da ta maye gurbinsu.

Yadda ake haramtawar dai shi ne Antoni Janar na tarayya zai je gaban alƙalin babbar kotun tarayya da amincewar shugaban ƙasa ya nemi umarni, kuma a nan ne ake ta ce-ce-ku-ce, domin ba a kiran ɗaya ɓangaren ya zo ya kare kansa, gwamnati ce kaɗai ke magana alƙali na saurare, in ya gamsu sai a buga a gazet ɗin gwamnati da jaridu, shi ke nan ƙungiya ta haramtu. Dole ne hukuma ta yi sauri a kan masu kashe bayin Allah, wannan ba gardama, amma tambari irin wannan da zai iya kai mutum gidan yari shekaru ya kamata a ce an ji ta bakin wanda ake zargi tukuna.

Boko Haram da Ansaru aka fara haramtawa a watan Yunin 2013. Sai IPOB, ƙungiyar masu fafutukar kafa ƙasar Biafra ta Nnamdi Kanu, a Satumbar 2017. A Yulin 2019 kotu a Abuja ta haramta Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky bayan arangama da 'yan sanda, ita wannan tun 2016 ma gwamnatin Kaduna ta riga ta haramta ta a jihar, kuma har yau mabiyanta na cewa zalunci ne. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara, Katsina da Sakkwato kuwa sai Nuwamban 2021 aka ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, bayan mutane sun daɗe suna kuka suna binne 'yan uwansu. Lakurawa, ƙungiyar masu ɗauke da makamai a yankin Sakkwato da Kebbi, aka haramta a Janairun 2025.

Shari'ar waɗanda aka kama ita ce ke jan ƙafa. Tun Oktoban 2017 ake zaman kotu na musamman a barikin soja da ke Kainji a jihar Neja, an ɗaure wasu, an kuma sallami ɗaruruwa saboda rashin hujja bayan sun shafe shekaru a tsare ba su ga alƙali ba.