Daga kashi 33.3 zuwa 4.1: ƙa'idar awa ɗaya da ake ƙirga marasa aikin yi da ita a Najeriya

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar da rahoton da ya ce marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin 100 a watanni ukun farko na shekarar, kuma kashi 5.3 a watanni ukun ƙarshe na 2022. Adadin da hukumar ta bayar kafin wannan rahoto shi ne na ƙarshen 2020, kashi 33.3, wanda ya kai mutum miliyan 23 da ɗoriya. Tun daga ranar sojojin baka na kowane ɓangare suka samu makami. Masu kare gwamnati suna cewa ga shi a rubuce, aiki ya samu. 'Yan adawa suna cewa an murɗe alƙaluma ne don a wanke jam'iyya mai mulki. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ma ta yi fatali da adadin, ta ce bai yi kama da halin da talaka yake ciki ba.

Duk ɓangarorin biyu suna tsallake abu guda: tsakanin rahoton farko da na biyu an canja ƙa'idar ƙirgar kanta. Wanda ya auna hatsi da ƙaramin kwano bara, bana ya auna da tiya, ba zai ce hatsinsa ya ragu ba don yawan awon ya ragu. Adadin 33.3 da adadin 4.1 amsoshi ne na tambayoyi biyu daban-daban, kuma ba a ɗebe ɗaya daga ɗaya a ce an samar da aiki.

A tsohuwar ƙa'ida, wadda aka yi aiki da ita daga wajen 2015, ana duba mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64, a tambayi awa nawa kowa ya yi yana aiki a mako. Wanda ya yi awa 40 ko fiye, yana da cikakken aiki. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39, yana da aiki amma bai ishe shi ba. Wanda ya yi ƙasa da awa 20, ko bai yi komai ba alhali yana nema, an saka shi cikin marasa aikin yi. Kafin wannan ma ma'aunin ya fi tsauri, domin duk wanda bai cika awa 40 ba ana ƙirga shi marar aiki.

Sabuwar ƙa'ida ta zo daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, bisa matsayar taron masana ƙididdigar ƙwadago karo na 19 da aka yi a Geneva a 2013, kuma NBS ta ɗauke ta da taimakon Bankin Duniya. A nan, duk ɗan shekara 15 zuwa sama, ba tare da iyaka ta sama ba, wanda ya yi aikin da ake biya ko ake cin riba na aƙalla awa ɗaya cikin kwana bakwai da suka wuce, mai aiki ne. Haka wanda yake da aiki amma bai je ba a makon saboda hutu ko rashin lafiya. Kafin a kira mutum marar aikin yi kuwa sai sharuɗɗa uku sun haɗu a kansa: bai yi ko da awa ɗayan nan ba, yana fafutukar neman aiki, kuma a shirye yake ya fara idan ya samu.

A ɗauka ma'aikacin hukumar ya shiga wani gida a Fagge da na'urarsa a hannu. Ya samu saurayi mai takardar NCE, shekara uku ke nan da gama makaranta, ya gaji da kai takardu ofisoshi. Ya tambaye shi ko ya yi wani abu da ya kawo masa kuɗi a makon jiya. Saurayin ya ce ranar Asabar ya tsare wa abokinsa rumfar POS daga azahar zuwa magariba, aka ba shi na sabulu. An gama magana, ya shiga sahun masu aiki. Mahaifiyarsa tana soya awara a tsakar gida, yara suna kaiwa ƙofar gida, ita ma mai aiki ce. Ƙanensa da ya yi dakon kaya na yini ɗaya a Kasuwar Singa shi ma haka. Idan ka tambayi mutanen gidan nan, za su ce maka babu mai aiki a cikinsu, kuma gaskiya suka faɗa a ma'anar da Bahaushe yake nufi da aiki. A takardar hukuma kuwa babu marar aiki ko ɗaya a gidan.

Akwai kuma yayansu wanda ya nema har ya haƙura, ya daina zuwa ko'ina, yana zaune a majalisa daga safe zuwa dare. Wannan ba ya cikin masu aiki, ba ya kuma cikin marasa aiki, domin sharaɗin nema ya faɗi a kansa. An fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya, tare da ɗalibai da tsofaffi da matan da ba su da sana'a kuma ba sa nema. Wannan wuri yana da muhimmanci sosai, domin adadin da ake faɗa kaso ne na masu aiki da masu nema kawai, ba na dukkan jama'ar ƙasa ba. Idan matasa da yawa suka yanke ƙauna suka daina nema, adadin marasa aikin yi yana iya sauka alhali lamarin ƙara lalacewa ya yi.

Ga misalin lissafin. A ce unguwa tana da mutum 100 da suka kai shekarun aiki. Mutum 20 ɗalibai ne da tsofaffi da waɗanda suka haƙura, sai a ajiye su gefe, saura 80. Cikin 80 ɗin, mutum 4 ba su yi komai ba kuma suna nema, mutum 20 suna ɗan buga-buga na ƙasa da awa 20 a mako, sauran 56 suna aiki fiye da haka. A tsohuwar ƙa'ida za a haɗa 4 da 20, a samu 24 cikin 80, wato kashi 30. A sabuwa 4 ne kaɗai cikin 80, wato kashi 5. Unguwa ɗaya ce, mutane ɗaya, mako ɗaya, kuma babu wanda ya samu sabon aiki.

Ƙa'idar tana da gefen da ta ƙara tsauri, wanda ba a cika ambata ba. Manomin da yake noma don ci da iyalinsa kawai, ba don sayarwa ba, ba a ƙirga shi cikin masu aikin da ake biya ko cin riba. Ana ware masa rukuninsa daban. A Arewa, inda gidaje da yawa suke noman gero da dawa don rumbu, wannan ba ƙaramin batu ba ne.

Masu kare ƙa'idar suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Awa ɗayan nan ba Najeriya ta ƙirƙiro ta ba, tun taron 1982 ake amfani da ita, kuma da ita Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu suke ƙirga nasu. Manufarta ita ce a ware wanda ba shi da aiki kwata-kwata daga wanda yake da ɗan abin yi, sannan kowace awa da aka yi ana samar da wani abu ta shiga lissafin tattalin arziki. Da tsohon ma'auni ba a iya ɗora Najeriya kusa da Ghana ko Kamaru a kwatanta, tunda kowa da abin da yake aunawa. Rahoton 2023 ya kuma nuna cewa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na masu aiki suke yin ƙasa da awa 40 a mako, wato mafi yawan mutane suna shafe tsawon yini suna fama, abin da suke samu ne bai taka kara ya karya ba.

Masu suka ma suna da tasu hujjar, kuma ni a ganina ta fi nauyi wajen abin da ya shafi talaka. Dakta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito fili ya soki ɗaukar ma'aunin awa ɗaya, bisa cewa abin da mutum zai samu a awa guda a mako ba zai riƙe shi ba, kuma adadi irin wannan yana iya ruɗar masu tsara manufofi. A ƙasar da gwamnati take biyan marar aiki wani abu duk wata, mutum yana iya zama ya nemi aikin da ya dace da shi na watanni. A Najeriya babu wannan tallafi. Wanda bai fita ba yau, ba zai ci ba yau, don haka dole ya yi wani abu ko da tura baro ne. Shi ya sa a irin wannan ƙirga masu karatun gaba da sakandare suka fi waɗanda ba su shiga aji ba yawan rashin aiki, mutanen birni kuma suka fi na ƙauye. Mai ɗan gata ne kaɗai yake iya zama yana jira. Shi ya sa ma Jamhuriyar Nijar, a ƙiyasin ILO, take da ƙasa da kashi 1 na marasa aikin yi, alhali Sifaniya ta shafe shekaru tana sama da kashi 10. Babu wanda zai ce mutumin Maraɗi ya fi mutumin Madrid samun aiki mai gwaɓi.

To ina 'yan siyasa suke karkata maganar? Lokacin kamfen ɗin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, adadin 33.3 shi ne na ƙarshe a hannun kowa, kuma 'yan adawa sun yi ta maimaita shi kamar na ranar ne. An tattara shi ne a ƙarshen 2020, shekarar da korona ta rufe kasuwanni da makarantu, kuma ya haura shekara biyu a lokacin. Bayan zaɓe sai abin ya juya. Masu son nuna nasarar gwamnatin Shugaba Bola Tinubu suka rungumi 4.1, alhali bayanan na Janairu zuwa Maris 2023 ne, lokacin Muhammadu Buhari yana kan mulki, kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Adadin bai auna ko kwana ɗaya na sabuwar gwamnati ba. Da sabon ma'aunin kansa, adadin ya hau zuwa kashi 5.0 a rubu'i na uku na 2023, ya kai 5.3 a farkon 2024, ya sauko 4.3 a rubu'i na biyu. Waɗannan su ne ake iya kwatantawa da juna.

Rigimar ba sabuwa ba ce. A Disambar 2018, wata biyu kafin zaɓen 2019, hukumar ta fitar da kashi 23.1, PDP ta riƙe shi a matsayin shaida a kan APC wadda ta yi alƙawarin aiki miliyan uku duk shekara a kamfen ɗin 2015. Ba kuma a nan kaɗai ake yin ta ba, domin a ranar 1 ga Agustan 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya kori shugabar ofishin ƙididdigar ƙwadago na ƙasarsa, Erika McEntarfer, sa'o'i kaɗan bayan rahoton ayyuka da bai yi masa daɗi ba.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana zagi da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila a kamfe, ta hana amfani da wuraren ibada don tallar ɗan takara, ta kuma ƙayyade kuɗin da za a kashe. Ba ta ba INEC aikin tantance adadin da ɗan takara ya faɗa a kan dandamali ba. Nauyin ya rage a kan ɗan jarida da mai sauraro, su tambayi na wace shekara ne adadin, kuma da wane ma'auni aka same shi.

Abin da ya fi damuna shi ne rahoton da ya kawo 4.1 ɗin yana ɗauke da alƙaluman da suka fi shi faɗin gaskiyar rayuwa, amma ba su ake ja a kansu ba. A farkon 2023, kashi 11.8 ne kacal na masu aiki suke aikin albashi. Fiye da kashi 90 suna cikin ayyukan da babu rajista, babu fansho, babu takardar ɗauka, babu wanda zai biya su ranar da suka kwanta ciwo. Kashi 12.2 suna aikin ƙasa da awa 40 kuma suna neman ƙari. Wannan yana nufin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shafi mafi yawan masu aiki ba ko kaɗan. Hukumar NBS ɗin nan dai ita ce a Nuwamban 2022 ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da sauransu, kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, Sakkwato tana kan gaba da kashi 91. Adadin 4.1 da adadin miliyan 133 ba sa karo da juna. Mutane suna aiki, aikin ne ba ya fitar da su daga talauci. Ɗan takarar da ya zo da maganar aiki, a tambaye shi ayyukan albashi nawa aka ƙara, kuma nawa mai sana'ar hannu yake komawa da shi gida a wata.

Hukumar tana da nata laifin a wannan ruɗani. Ta shafe fiye da shekara biyu ba ta fitar da rahoton ƙwadago ba, sannan ta dawo da sabon ma'auni. Da ta riƙa buga adadin tsohuwar ƙa'ida gefe da gefe da na sabuwa har na 'yan shekaru, da kowa ya ga da idonsa ko lamarin yana gyaruwa ko yana taɓarɓarewa. Irin haka ya sake faruwa a hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disambar 2024, sai 24.48 a Janairun 2025, bayan an sabunta kwandon kayan da ake aunawa da shekarar da ake kwatantawa da ita. Sabunta kwandon ya dace, tunda ba a sabunta tsohon ba tun 2009, amma shi ma an yi ta yawo da shi a rediyo kamar farashin shinkafa ne ya faɗi cikin wata guda.